Tabon Mai a Gindin Kwandon Yamma

Ku da kuke zama gaban mai shayi a unguwar Batha ranar Juma'a, na san sunan da kuka sa mini: Baba Mai Tsumma. Wai shekara da shekaru ina Riyad, abin da na iya kawai shi ne jan tsumma a ɗakin wasan ƙwallon kwando, aikin da ko makaho zai yi. Na kuma san ɗaya maganar da ake yi idan na ba da baya, wai ranar wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, ranar da aka ci mutanenmu, an gan ni a bakin fili ina dariya. Sunana Habu. Tsumman gaskiya ne, dariyar ma gaskiya ce, na yi ta. Amma tunda ba wanda ya taɓa tambayata dalili, ku ba ni aron kunnuwanku.

Ranar da kamfani ya kai ni ɗakin wasan nan na unguwar Malaz, na tarar da wani tsohon ɗan Filifin mai suna Mista Ruben, shi ke kula da daɓen katakon. Bai tambayi sunana ba. Takalmina ya nuna, ya ce in cire. Ya sa na yi ta zagaya fili da safa kaɗai, daga wannan kwando zuwa wancan, har aka kira azahar. A raina na ce mutumin nan wulaƙanci yake so ya yi mini don ya ga baƙar fata. Sai da muka yi mako guda a haka ya tambaye ni inda ƙafata ta fi zamewa. Na nuna masa wurare uku. Ya ce biyar ne, in koma. Wata shida na yi kafin ya yarda in taɓa injin goge daɓe, kuma ko a lokacin yana tsaye a kaina kamar na ci masa amana a baya.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tsumma mai faɗi na ƙura, wanda ba ya taɓa ruwa har ya mutu, da tawul na danshi, wanda ake matsewa har sai hannu ya yi ciwo. Akwai sanda mai tsawon ƙafa goma ta auna tsayin ƙarfen kwando, don samari suna lilo a jikinsa su lanƙwasa shi, gobe a ce kai ne ka saukar wa wani ɓangare. Akwai ma'aunin danshi a jikin bango, saboda iskar Riyad busasshiya ce, katako yana tsukewa ya buɗe baki tsakanin allo da allo. Akwai wata tsohuwar ƙwallo da nake bi da ita kowace safiya ina bugawa layi layi. Inda katako ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa, ƙarar tana mutuwa, ƙwallon ta ƙi dawowa hannu. Sai tocila. Ana kashe fitilun ɗakin gaba ɗaya, a kwantar da ita a ƙasa, haskenta ya bi daɓe a kwance, duk abin da ido bai gani ba a tsaye sai ya fito. Abu na ƙarshe da Mista Ruben ya bar mini kunne ne. Ya ce daɓe mai lafiya yana sa takalmi kuka. Idan ana wasa ka ji shiru a ƙafafu, ka tashi tsaye, wani ya kusa karyewa.

Masu hulɗa da mu kuwa kociyoyi ne, kuma ban taɓa ganin kocin da aka ci ya ce yaransa ne ba su iya ba. Daɓe ne ya yi santsi, ko ƙarfe ya karkace, ko ƙwallo ta sha iska da yawa. Wani ya taɓa zuwa da tef ɗinsa na awo a aljihu, ya hau kujera a gabana yana auna kwando, ya sauko bai ce mini ko sannu ba. Wannan ya koya mini hali. Ba na barin makullin ɗakin kaya a hannun kowa. Galan ɗin ruwan wanke daɓe idan an kawo sabo, sai na shinshina, na zuba a wani guntun katako na gwada. Mutum ya yi mini murmushi da yawa a bakin fili, takalminsa nake kallo. Matata tana cewa ko miya ta zuba mini sai na juya cokali na duba, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Shekarar da Mista Ruben ya koma ƙasarsu ita ce muguwar shekarata. Bututun na'urar sanyaya ɗaki ya yi yoyo ta cikin bango a lokacin hutun bazara, ruwa ya shiga ƙarƙashin katako, kwana da kwanaki ba wanda ya sani. Da muka dawo, kusurwa guda ta kumbura ta yi tudu. Ba ni na sa bututu ba, ba ni na rufe ɗakin ba, amma ni ne mai daɓe. Mudir ɗinmu, wato shugaban ɗakin wasan, Abu Fahad ake ce masa, ya sa na sa hannu a takardar gargaɗi. Ya ce ta farko ce kuma ta ƙarshe. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a hannun kamfanin take, iyalina suna nan a kanta, 'ya'yana biyu suna makaranta. Tun daga ranar nake tafiya a filin nan kamar mai taka ƙwai.

Bayan wannan da shekara biyu aka kawo gasar jami'o'i ɗakinmu. Abin da ya sa har yau ake maganarta shi ne 'yan kwalejin shari'a. Kullum su ne ake fara kora gida, ana yi musu ba'a cewa sun fi iya riƙe littafi. A shekarar sai ga su da wani dogon ɗalibi ɗan Gusau mai suna Bashir, wanda ya zo karatun fiƙihu da tallafin jami'a. Idan ya ɗaga hannu a gindin kwando, sai dai ka nemi wata hanya. Suka yi ta cin mutane har suka kai wasan ƙarshe, abin da ba su taɓa yi ba. Hausawan Riyad kaf suka tashi, likitoci da nas-nas da direbobin unguwar Ulaya, har waɗanda ba su san sau nawa ake hutu a wasan ba. Abokan karawarsu kuwa 'yan kwalejin injiniya ne, waɗanda kofin ya saba kwana a wurinsu.

Ranar Lahadi injiniyoyi suka buga nasu wasan kusa da na ƙarshe. Ina zaune a kujerata ta bakin layi, tawul a kafaɗa, sai kyaftin ɗinsu, Nayif, ya kutso gindin kwandon yamma ya dasa ƙafar hagu. Ban ji kukan takalmi ba. Ƙafar ta tafi, ya faɗi a kan idon sawu, aka fitar da shi yana cije leɓe. Sun ci wasan duk da haka, amma kocinsu ya zo ya shafa wurin da tafin hannu, ya ɗaga ya nuna wa alƙalin wasa, sannan ya juyo ya dube ni. Ni ma na shafa. Maiƙo ne, ba gumi ba. Alhali da safen ranar na goge wurin da hannuna.

Wanda na fara zargi Hasan ne, abokin aikina ɗan Sudan, mai wanke tayil da banɗakuna. Shekara tara muna cin abinci a faranti ɗaya. Amma yana da wani sabulun ruwa mai sa tayil ƙyalli, na kuma taɓa kama shi ya jingina bokitinsa a bakin katako. Na same shi a ɗakin kaya na faɗa masa magana marar daɗi, na ce ganda ce ta sa ya tsoma tawul ɗina a bokitinsa. Ya rantse, ban saurara ba. Na karɓe makullin ɗakin kaya da ke hannunsa, shi da shi kaɗai na taɓa yarda ya riƙe, a gaban masu gadi. Ya ɗauki farantinsa ya koma cin abinci a bayan gini. Na wanke wurin, na gwada da safa, ya kama. Litinin da la'asar maiƙon ya dawo, a wuri ɗaya, alhali Hasan bai ko leƙo fili ba. Na zargi mai kawo mana ruwan wanki, na buɗe sabon galan. Na zargi rufi, na hau tsani na duba ko wani injin ne ke ɗiga. Na ma zargi kocin injiniyoyin kansa, ko yana shirya uzurin da zai bayar idan aka ci shi. Kyamarar ɗakin ƙofa take kallo, kuma a makon gasa kowa shiga yake yana fita.

Talata da safe Abu Fahad ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba. Ya ce kocin injiniyoyi ya rubuto ƙorafi, cewa mai kula da daɓe ɗan Najeriya ne, tauraron ɗaya ƙungiyar ma ɗan Najeriya ne, kuma kyaftin ɗin injiniyoyi ne ya faɗi. Na ce ai ana canza kwando bayan hutun rabin lokaci, duk wanda ya zuba mai a gefe guda ya zuba wa nasa ma. Ya ce ya sani. Sannan ya rage murya.

"Ya Habu, ba maganar mai kaɗai ake yi ba. Wasu suna cewa amal ne. Ka san abin da wannan kalmar take jawowa a ƙasar nan."

Na sani. Amal shi ne abin da muke ce wa sammu, kuma a nan ba a wasa da zarginsa, hukuma ce ke shiga. Ya ce ranar Alhamis, ranar wasan ƙarshe, idan ƙafar mutum ɗaya ta zame a wurin nan, ba zai iya kare ni ba, huruj ne, fita ba dawowa, in ma abin ya tsaya a nan. Na fito. Tsoro na ji, irin wanda ban ji ba ko a shekarar bututu.

Abin kunyar shi ne ni ma zuciyata ta tafi can. Na taso ina ganin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na unguwa suna binne laya a gindin raga, suna yayyafa ruwan rubutu a bakin fili. Na ce shi ke nan, dogon nan na Gusau wani ya aiko masa da abu a kwalba, zai jawo mana bala'i ni da shi. Da la'asar, bayan an watse, na rufe ƙofofi, na kashe fitilu, na kwantar da tocila a gindin kwandon yamma. Maiƙon ya fito sarai. Ba zube yake ba kamar abin da aka tsiyaya. Tabo ne daban daban: biyu masu faɗi a gaba, ɗaya ƙarami a tsakaninsu ya ɗan wuce su, biyu a baya da ba su fito sosai ba, sai wasu ƙanana a jere can ƙarshe. Kuma duk a karkace suke, ba su bi layin fili ba. Na tsuguna ina kallo, ina ƙara tabbata cewa wani zane ne na masu aikin asiri.

Ban ji shigowar Hasan ba. Ya zo ajiye bokiti ne ya ga duhu. Ya tsaya a bayana ya leƙa tabon, sannan ya yi magana, karo na farko tun ranar Lahadi.

"Ya sheikh, shekara nawa kana salla? Ga tafin hannu biyu, ga goshi, ga gwiwa, ga yatsun ƙafa. Sujada ce. Dubi inda ta fuskanta."

Alƙibla ta fuskanta, daidai karkacewar dardumomin masallacinmu na bayan ɗaki. Na sa hanci a tabon goshin. Man kaɗanya ne, irin na gida, mai ɗan warin hayaƙi, wanda ba a sayar da irinsa a kantin magani. Na zauna daɓas a ƙasa. Na ciro makullin Hasan daga aljihu na miƙa masa, na ce ya yafe mini, na zalunce shi. Ya karɓa ya ce zai yi tunani, amma da magariba na ga farantinsa ya dawo kusa da nawa.

Laraba bayan azahar, lokacin da ɗakin ke zama ba kowa, na hau can saman kujerun 'yan kallo na zauna. Sai ga Bashir shi kaɗai, ashe kocinsu ya roƙa masa izinin wannan sa'ar a wurin masu gadi. Ya yi ta jifa har ya jiƙe. Ya shiga ya yi wanka da alwala, ya fito da dogon wando, ya zauna a benci ya buɗe wani ɗan gwangwani, ya mulke hannu da fuska da ƙafa da gwiwa. Ya taka ba takalmi har gindin kwandon, ya ɗaga hannu zai yi kabbara. Na yi gyaran murya.

Ya gaishe ni da ladabi, har da rusunawa. Ya ce ruwan garin nan da sanyin na'ura suna farfasa masa fata har jini, shi ne mahaifiyarsa ta aiko masa da man ta hannun wani mai zuwa umara. Nafila kuma raka'a biyu ce yake yi a inda ya fi shan wahala a wasa, yana roƙon kada ya ba mutane kunya. Na kama hannunsa na shafa a daɓe, na ce ya taka da takalmi. Ya taka, ƙafar ta tafi. Na ga fuskarsa ta canza, don yana cikin 'yan kallo ranar da Nayif ya faɗi.

"Baba, wallahi ban sani ba. Bari in je in faɗa wa mudir da bakina."

"Ka je ka ce masa me? Kai ɗan Najeriya ka shafa mai daga gida a inda kyaftin ɗinsu ya faɗi, kana karanta abu a wurin? Ni na yarda da kai don na san warin man. Su ba su san shi ba. Karatunka za ka rasa, ɗana, ba wasa ba."

Na kawo masa dardumata daga ɗakin kaya, na ce daga yau a kanta, kuma a masallaci. Abu Fahad kuwa na ce masa na gano abin, kuskure ne, ba zai sake faruwa ba. Ya ce kuskuren wa. Na ce daɓe nawa ne, a bar shi a kaina. Ya dube ni, ya ce maganarsa ta ranar Alhamis tana nan.

Ku da kuke ganin aikin tsumma ne kawai, ga inda wahalar take. Mai na kwana huɗu ko biyar ba a sama kawai yake tsayawa ba. Gindin kwando ya fi ko'ina cin takalmi, fentin kariyar ya sirance, katakon kuma ya buɗe baki saboda bushewa. Man ya shiga tsagar. Ka goge sama ya kama, amma idan fitilu suka yi zafi, mutane suka cika ɗaki, yana iya narkewa ya taso. Ni da Hasan muka durƙusa a wurin da tawul mai zafi da ruwan cire maiƙo da tsohon buroshin haƙori, tsaga bayan tsaga. Mu ɗora tawul, mu jira, mu ɗaga, mu shinshina. Muka kawo fitilar aiki muka gasa wurin don mu ga ko zai yi gumi. Ya yi sau biyu. A karo na uku bai yi ba, amma ban yarda da shi ba, kuma ba yadda zan yi in tabbatar sai an taka.

Alhamis bayan la'asar ɗakin ya cika har matakala. Mutanenmu suka kama gefe guda da manyan riguna da huluna. Nayif ya fito da ƙafa a naɗe. An ce wasan ya yi kyau, an ce ba a taɓa yin irinsa a gasar ba, an yi kunnen doki har aka ƙara lokaci. Ni ban gani ba. Idona yana kan katako huɗu a gindin kwandon yamma, kunnena yana kan takalma. Duk hutun da aka busa, ina wurin da tawul kafin alƙali ya sauke hannu. Abu Fahad yana tsaye a bakin ƙofa, kocin injiniyoyi kuma yana waiwayena fiye da yadda yake waiwayen agogo.

Saura daƙiƙu kaɗan, 'yan shari'a suna gaba da maki ɗaya, ƙwallo tana hannun injiniyoyi, kuma yamma suke kai hari. Aka ba Nayif. Ya kutso ta hagu, Bashir ya taso ya tare shi, Nayif ya dasa ƙafar nan mai naɗi a daidai inda goshin ya sauka. Duk ihun da ake yi a ɗakin, na ji takalmin ya yi kuka, siriri, mai tsawo. Ƙafar ta tsaya cak. Ya tashi sama.

Ban ɗaga kai ba. Ihun da ya ɓarke daga gefen injiniyoyi ne ya gaya mini ƙwallon ta shiga. Gefenmu ya yi tsit, wani dattijo ya cire hula ya rufe fuska, Bashir ya durƙusa ya dafa gwiwa. Ni kuwa ashe bakina a buɗe yake har kunne, ban sani ba, sai da Hasan ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce in rufe, mutanena suna kallona. Sun riga sun gani. Kafin in isa gida labari ya kai Batha cewa Baba Habu na injiniyoyi ne, wasu suka daina amsa sallamata, wani likita da muka saba ya ga ni a masallaci ya canza sahu.

Na yi shiru shekarun nan saboda Bashir yana karatu. Bara ya gama ya koma Gusau yana koyarwa, ya aiko mini da dardumata a wanke, da gwangwanin man kaɗanya, da saƙon cewa in faɗa wa duk wanda na ga dama. Man yana hannun Hasan, ya ce yana yi wa ƙafarsa amfani. Na yarda ya shafa, amma sai an tashi daga aiki, kuma kullum da safe sai na duba tafin hannunsa kafin ya shigo mini fili.